Yadda Rumbu Ya Sami Ƙafafu

Dalilin da ya sa rumbu ba ya taɓa ƙasa, sai dai ku gan shi tsaye a kan duwatsu kaji suna hutawa a ƙarƙashinsa, ba don ado ba ne, 'ya'yana. Alkawari ne tsakanin iyaye mata biyu, ɗaya mai zane, ɗaya mai fukafukai. Ku natsu ku ji, don maganar ta shafi abin da kuke kaiwa bakinku kullum.

A can da, tun lokacin da dabbobi kan yi magana da mutane idan ta kama, babu rumbu ko ɗaya a duniya. In an yi girbi, sai a baza amfanin gona a tsakar gida a kan turɓaya. Da ya ɗan sha iska sai a tattara, a jibge a kusurwar ɗaki a kan daɓe, a rufe da tsohuwar tabarma. Iri kaɗai da hatsin baƙo ake ɗaurewa a rataye can saman ɗakin girki.

A wani ƙauye da ake kira Kwarin Marke, mutane suna da wata al'ada da suke tinƙaho da ita: ba a zubar da hatsi. Ko ƙwaya ɗaya ta faɗi sai an sunkuya an ɗauka, don a wurinsu wanda ya zubar da abinci ya raina Mai bayarwa. Saboda haka kashi uku suke yi wa hatsinsu. Mafi kyau na shuka ne da na baƙo. Mai bi masa na tuwon manya. Wanda kuwa ya yi duhu, ko ya yi kore-kore, ko ya ɗan yi ɗaci, shi ake niƙawa a dama wa yara kunu, a zuba tsamiya da yawa ta ɓoye ɗacin. Abin da ya rage a gindin ƙwarya a watsa wa kaji. Ba mugunta ba ce, 'ya'yana. Gani suke yaro ba ya bambance daɗi, kuma tunda an tafasa, ai shi ke nan.

A garin akwai wata mata, Tabawa, matar wani manomi Jatau. Suna zaune da uwar mijin, Inna Yalwa, wadda ita ce mai iko da hatsin gidan. Tabawa ta haifi 'ya'ya maza biyu, kowanne ɓul-ɓul da shi muddin yana shan nono. Da an yaye shi ya koma kunu, sai ciki ya kumbura, idanu su yi kalar ɗorawa, gashi ya yi ja ya yi laushi, kafin damina ta fita an kai shi makwancinsa. Mutane suka ce wabi take yi, wai yaro ɗaya ne yake tafiya yana dawowa. Da ta haifi ta uku, mace, sai aka sa mata suna Ajuji, don a nuna kamar ba a damu da ita ba, ko mutuwa za ta kau da kai.

Amma Tabawa ta damu. Ta damu har ba ta iya cin loma uku ba ta waiga ta dubi yarinyar ba. In Ajuji ta yi tari sau ɗaya, gabanta ya faɗi. In ta yi barci ya yi tsawo, sai ta kanga yatsa a hancinta ta ji ko tana numfashi. Ta ja shayarwa iyakar ja, har Inna Yalwa ta ce, "Ke, sai ta yi haƙoran cin rake za ki yaye ta?" Dole aka yaye.

Ba a jima ba sai ga abin nan da take tsoro. Ajuji da ke bin 'yan awaki da gudu ta koma zama a gindin turmi. Cikinta ya fara tasowa. Wata safiya Tabawa ta buɗe mata ido a hasken rana, ta ga farin ya fara sauyawa. Ta jiƙa sassaƙe, ta karɓo rubutu, ta yi turare, ta ɗaura laya. Kullum kuma sai ta ƙara yawan kunun, tana lallashi, tana cewa, "Sha, uwata, sha ki yi ƙarfi."

To, a gidan akwai wata tsohuwar kaza mai gashi ɗigo-ɗigo, ana ce mata Wake-wake. Wannan kaza sai ta tsiro da wani hali. Da Tabawa ta ajiye ƙoƙon kunu ya huce, sai ta taho da gudu ta haye bakin ƙoƙon ta kifar da shi. Kuma ba ta sha, sai ta tona ƙasa ta rufe. Ta yi yau, aka kore ta da tsintsiya. Ta yi gobe, aka jefe ta da murfin tukunya. Ran nan da ta sake, Tabawa ta yi kukan kura ta cafke ta, ta ɗaure mata ƙafafu da tsumma, ta yar da ita a gindin bishiyar dalbejiya.

"Yau kwananki ya ƙare," in ji Tabawa tana haki. "Bari maigida ya dawo daga gona ya yanka ki. Tunda kin hana ta kunu, ta sha romonki."

Kun san mace ba ta yanka, don haka dole a jira Jatau. Wannan jiran shi ya ceci rai biyu.

Kaza ta kwanta a gefe ɗaya, ta ɗago kai ta ce, "Uwar ɗakina, tunda dai tukunya zan shiga, ki bari in faɗa miki wata magana."

"Ki adana ta, kya faɗa wa wuƙa."

"Wuƙa ba ta da 'ya. Ke ce mai 'ya."

Tabawa ta tsaya cak da ludayi a hannu.

Kaza ta ce, "Sau nawa na yi ƙyanƙyasa a gidan nan? Ina 'yan tsakin nawa?"

"Shirwa ta kwashe su mana."

"Shirwa ta ɗauki biyu, ba zan yi mata ƙazafi ba. Sauran a gabana suka mutu. Masu ƙarfin cikinsu, masu rige-rigen zuwa in kin watsa gindin ƙwarya, su ne suka fara sakin fukafukai suna gyangyaɗi. Akwai wani ɗan sanyi-sanyi da kullum ake ture shi, bai taɓa samun ko ƙwaya ba, sai gara da 'ya'yan ciyawa. Kin san inda yake?"

"Ina?"

"Ga shi can kan danga, shi yake tashinku da cara."

Tabawa ta dubi zakaran, jajir da shi, ƙirji a gaba. Ta dubi Ajuji a gindin turmi. Sai ta zauna a ƙasa daɓas.

"Me kike nufi, Wake-wake? Fito fili."

"Abin da yake kashe nawa shi yake kashe naki. Ƙwarya ɗaya suke ci. Shiga ɗaki, ki ɗaga tabarma, kada ki ɗiba daga sama. Ki cusa hannu har ƙasa."

Tabawa ta shiga. Saman tarin masara da dawa lafiya lau, har da sheƙi. Ta cusa hannu har gwiwar hannu, sai ta ji ɗumi, irin ɗumin jikin yaro mai zazzaɓi. Ta damƙo ta fito da shi waje. Ƙwayoyin sun manne da juna, wani gari kore-kore mai kama da toka ya lulluɓe su, ga wani wari kamar na rigar da aka ninke da danshi. Fumfuna ce. Ta san ta, kowa ya san ta. Ita ce ma take tsincewa kullum ta ware wa yarinya.

Ta ce, "Amma ai ina dafawa. Sai ya tafasa ya yi ta ɓararraka nake saukewa."

Kaza ta ce, "Wuta tana kashe fumfunar, amma dafin da ta riga ta zuba a cikin ƙwaya ba ya jin wuta. Tsamiya kuma harshe kawai take ruɗa, ba ta ruɗin ciki. Babba yana ci ya daɗe bai ji ba. Ƙaramin ciki ne ba ya iya ɗauka."

"To daga ina take zuwa? Wa ya yi mana wannan aika-aika?"

"Babu wanda ya yi muku. Ni da ƙafata nake tona ƙasa tun safe har yamma, na san halinta. Ƙasa ma uwa ce, uwar ɗakina. Duk ƙwayar da ta kwanta a jikinta, ɗauka take an ba ta shuka. Sai ta turo mata danshi don ta tsiro. A gona wannan alheri ne. A cikin ɗaki kuwa babu rana, babu iska, ƙwaya ba ta iya tsira, sai ta gumu, fumfuna ta samu gida. Ɗaga kanki ki dubi na rataye. Kin taɓa ganin ya yi kore?"

Tabawa ta ɗaga kai ta hango dammunan nan ta ƙofar ɗakin girki, busassu ƙayau. Shekara da shekaru suna bisa kanta, tana wucewa ta ƙarƙashinsu da ƙoƙon kunu. Hawaye ya zubo mata. Ta rarrafa ta kama tsumman za ta kwance.

Kaza ta ce, "Dakata. Kafin ki kwance mu yi magana, don na san mutum in hankalinsa ya kwanta mantuwa gare shi."

"Faɗi abin da kike so. Ko zanen jikina ne."

"Me zan yi da zane? Ki raba hatsinku da ƙasa, ki ɗaga shi sama iska ta riƙa wucewa. Wurin da ya rage a ƙarƙashi ki bar mana, ni da zuriyata, mu fake wa shirwa da ruwan sama. Mu kuma za mu tsince muku gara da ƙwari kafin su hau. Sannan abin da ba za ki ba 'yarki ba, kada ki watsa wa nawa."

Tabawa ta ce, "Na ɗauka. Allah ne shaida."

Tana kwance ƙullin ke nan sai ga Inna Yalwa ta dawo daga barka a maƙwabta. Ta ga tabarma a yaye, ga hatsi a waje, ga surukarta da hannu kore har gwiwa.

"Lafiya? Ɓarayi ne suka shigo?"

Tabawa ta durƙusa. Ba ta taɓa yi wa Inna musu ba tunda aka kawo ta gidan, ko ido ba ta haɗawa da ita. Amma ta kwashe duk abin da kaza ta faɗa ta gaya mata, ta ƙare da cewa, "Inna, wannan na ƙasan ba zai ƙara shiga cikin Ajuji ba. A sauko mata da na sama."

Inna Yalwa ta tafa hannu. "Yau na ji ikon Allah! Kaza ce ta zama malamarki? A zubar da hatsi a gidan nan, ina raye? Ga damina ba ta fita ba, sabo bai nuna ba, so kike mu ci ƙasa? Kuma in baƙo ya yi sallama mu ba shi me, kunya?"

Tabawa ta ce, "Inna, baƙo kwana ɗaya zai yi ya wuce. Ajuji kullum take ci. Biyu na ba ƙasa, Inna. Ba ni da ta ukun da zan bayar."

"Rai a hannun Allah yake, yarinya."

"Haka ne, Inna. Shi ne kuma ya ba mu idon gani. Dubi hannuna. Kuma ba zubarwa za mu yi ba. Ƙasa ta riga ta kama wannan, nata ne. Mu haƙa rami mu mayar mata da kayanta, mu gode wa Allah da abin da ya rage."

Inna Yalwa ta matso. Ta kama hannun Tabawa ta jawo shi kusa da idonta, ta shafo garin nan da yatsa, ta sansana. Ita ma bakwai ta haifa, Jatau kaɗai ya tsaya, shi kuwa a wurin kakarsa ya tashi, cikin Fulani, da nono da fura. Ta daɗe tsaye tana kallon yatsan nan. Babu wanda ya san abin da ta tuna, don ba ta faɗa ba. Ta juya ta shiga ɗakin girki, ta ɗauki doguwar gorar da ita kaɗai take taɓawa, ta sauko da damin gero mafi girma na baƙo. Ta dire shi gaban turmi.

"Miƙo min taɓarya," in ji ta. "Ke hannunki da datti, je ki wanke da toka."

Ana cikin sussuka sai ga Jatau, fartanya a kafaɗa, wuƙa a hannu, don tun a hanya yaran maƙwabta suka yi masa albishir an ɗaure kaza.

"Ina take? Tun daga bakin rafi nake wasa wuƙa, yawuna har ya tsinke."

Wake-wake ta leƙo daga bayan zanen Tabawa ta ce, "Sannu da aiki, maigida. A mayar da ita kube, a ɗauko dagi. Rami za ka haƙa."

Jatau ya dubi matarsa, ya dubi uwarsa tana daka da kanta, ya ce, "Ni dai na fita na bar gida lafiya. Yanzu har kaza ke aike na?"

Inna Yalwa ba ta ko ɗago ba ta ce, "Yi abin da ta ce. Kuma ya yi zurfi, kada awaki su tono."

Ranar nan suka wuni a kan faifai su uku, suna tsince hatsi ƙwaya-ƙwaya. Duk wadda ta sauya kala, ko ta motse, ko ƙwaro ya huda ta, rami. Da suka gama, abin da ya rage bai kai rabi ba. Suka wanke shi, ƙwayoyin da suka taso saman ruwa suka kwashe suka ƙara a ramin, sauran suka shanya a kan tabarma a rana. Ba zan ɓoye muku ba, sun sha wuya a ƙarshen daminar nan. Manya suka koma kwaɗon rama da tafasa da zogale, tuwo sai jefi-jefi. Jatau ya rame har wandonsa na zamewa, kullum yana yi wa kazar tsiya, wai ta hana shi nama ta kuma hana shi tuwo. Amma geron baƙo na Ajuji ne ita kaɗai, kuma kununta ba ya bukatar tsamiya mai yawa, don babu ɗacin da za a ɓoye.

Sauƙi bai zo rana ɗaya ba. Tabawa ta yi ta buɗe idon yarinyar kowace safiya, wani lokaci ta ga kamar ya washe, wani lokaci ta ce idonta ne ke yaudararta. Har ta fara tunanin ko ta makara. Sai wata rana tana tankaɗe, ta waiga gindin turmi ba ta ga Ajuji ba. Ta yar da rariya ta fita tana kira. Can ta hango ta bayan ɗaki, ta kama wutsiyar ɗan akuya, yana ja tana ja, tana ƙyalƙyala dariya. Tabawa ta zauna a wurin ta rufe fuska da zane tana kuka tana hamdala, har Inna Yalwa ta fito ta ce, "To, mai kuka in an mutu, mai kuka in an warke, ke yaushe za ki huta?" Amma ita ma tana goge ido da bakin mayafi.

Da kaka ta yi, Tabawa ba ta manta da alkawari ba. Ta hana a baza amfanin gona a turɓaya, sai a kan tabarmi da zana. Ba ta yarda a tattara ba sai ta ɗauki ƙwaya ta ciza ta ji ta ce ƙas. In ta lotsa a haƙori, a mayar rana. Jatau ya je bakin dutse ya yi ta jido manyan duwatsu, ya jera su, ya shimfiɗa itatuwa a kai. Wake-wake tana zagayawa tana dubawa.

"Maigida, wannan ya yi ƙasa. Sai na sunkuya zan shiga?"

"Ke da aka ba aron wuri, har da zaɓe?"

"Ba aro ba ne, lada ne. Kuma in ban wuce da kaina a miƙe ba, iska ma ba za ta wuce ba."

Ya yi tsaki, ya sauya duwatsun da waɗanda suka fi tsayi. A kansu ya kafa ɗaki na zana, ya yi masa hular jinka mai faɗi don kada ruwa ya taɓa jikinsa. Aka zuba hatsi busasshe. Wannan shi ne rumbu na farko. Kafin a gama ɗaure jinkar, kaza ta riga ta shige ƙarƙashi ta share wurin kwanci.

Mutanen gari suka yi ta zuwa kallo suna dariya, wai Jatau ya yi wa hatsi gado kamar amarya. Amma da wata daminar ta zagayo, aka buɗe rumbun aka ga hatsi har gindinsa garau, ga Ajuji ta yi kumatu tana bin 'yan tsaki, sai matan da aka ce suna wabi suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, suna tambaya a hankali. Tabawa ba ta ɓoye wa kowa ba, kuma duk wadda ta yi mata godiya sai ta nuna ƙarƙashin rumbu ta ce, "Ga wadda za ki gode wa can, bayan Allah." Ajuji ta girma, ta yi ƙanne, ta ga jikokinta.

Shi ya sa har yau rumbu yake tsaye a kan duwatsu ba ya taɓa ƙasa, kuma shi ya sa kaji suke shiga ƙarƙashinsa kai a miƙe, kamar gidan ubansu, babu mai cewa su fita. Hakkinsu ne. Ku kuma, 'ya'yana, in kun ga ana ɗora buhu a kan katako, ko an hana ku kwashe shanya don rana ba ta gama da ita ba, kada ku yi gunaguni. In kuwa kuna tsince masara ko gyaɗa kuka ga mai kore-kore ko mai ɗaci, don Allah kada ku kai baki, kada kuma ku watsa wa kaji. Uwarsu ta riga ta biya.